Waƙa A Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Jawabin da mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi ran rabon takardun shaida, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi.



Yau ranar farin ciki ce. Bara warhaka, da yawa cikinku in aka kawo takarda sai a kama muku babban yatsa, a shafa tawada, a dangwala. Yau ga shi ko wannenku ya ɗauki biro ya rubuta sunansa da hannunsa. Na ga wani dattijo can baya ya rubuta nasa har sau biyu, don kada a ce sa'a ya ci. Madalla. Allah ya saka wa malaminku da alheri. Ya sha wahala, ku ma kun sha.

To, amma ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Tambaya na zo da ita. Kun iya baƙi, kun iya wasali, kun iya haɗa su. Sai me?

Wani zai ce, sai in karanta wasiƙata da kaina, ba mai jin asirina. Gaskiya ne. Wani zai ce, sai in duba rasit in na sayi taki, in ga abin da mai sikeli ya rubuta in na kai auduga. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wata za ta ce, sai in karanta abin da ke jikin kwalbar maganin yaro. Duk na yarda. Amma ku lura, a duk waɗannan maganar wani kuke karantawa. Shi ya rubuta, ku kuna karɓa. Yau ina so mu yi zancen ranar da kai za ka rubuta, wani ya karanta. Maganar ta fi shafar samari da 'yan matan da ke cikin ajin nan. Iyaye kuma kada ku tashi, akwai rabonku a gaba.

Kwanan baya na je wani aji, ba nisa da nan. Na ce wa ɗalibai ko wanne ya rubuta mini layi shida a kan kasuwa. Aka duƙufa. Da na karɓi littattafan sai na ga kusan duk abu guda suka rubuta. Wai kasuwa wuri ne da ake saye da sayarwa. Wai a kasuwa akwai hatsi, akwai dabbobi, akwai tufafi. Ba ƙarya a ciki. Amma wane ne cikin ajin bai san haka ba? Abin da suka ji malam ya faɗa shi suka mayar masa, kamar masu biyan bashi.

Akwai wani saurayi a gefe, bai wuce shekara 17 ba, ya danne littafinsa da gwiwa, ya ƙi miƙowa. Na ce, "Samari, kawo naka." Ya ce, "Malam, nawa ba daidai ba ne." Na ce, "Kawo dai." Daga baya na roƙe shi ya bar ni in riƙa karanta wa mutane, ya yarda, muddin ban faɗi sunansa ba. Ga abin da ya rubuta:

"Ran kasuwa ni da Baba muka kai masara buhu uku. Baba ya ce in an sayar zai saya mini takalmi. Da muka isa muka tarar masara ta faɗi. Baba ya yi shiru. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya sake sawa. Ya sayar da buhu biyu ya biya bashin taki, muka ɗauko ɗaya. Da muka zo wucewa ta rumfar masu takalma sai na juya kaina wani gefe, don kada ya ga ina kallo."

Da na gama karantawa ajin ya yi tsit. Can sai wani tsoho ya ce, "Ashe yaran nan suna ganin abin da muke zaton ba su gani."

Kuskuren rubutu ya fi goma a cikin takardar nan. Ya haɗe kalmomin da ake rabawa, bai sa aya ko ɗaya ba. Wannan duka aikin yamma guda ne, muka zauna muka gyara tare. Amma abin da ya sa tsohon nan ya yi magana, ba malamin da zai koya wa yaron shi. A kasuwa ya samo shi, yana tsaye bayan ubansa. Ni da na daɗe ina karatu ban taɓa lura mutum yakan cire hula ya duba cikinta in ciniki ya ɓaci ba, sai da yaron nan ya nuna mini. Yanzu kuwa ko wace kasuwa na shiga sai na gani. Kuma tun daga ranar yaron ya daina zama a gefe. Ya gane yana da abin faɗa, kuma in ya faɗa manya suna saurare.

Ko wannenku yana da irin wannan. Akwai abin da ka gani wanda ba wanda ya gan shi daga inda ka tsaya. In ba ka rubuta shi ba, ba mai rubuta maka. In ma wani ya rubuta, ba zai yi daɗin naka ba, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kada ku ce wannan aikin manyan malamai ne, ko na mutanen birni. Bari in ba ku labarin yadda aka fara.

A shekarar 1933 akwai wani Bature a Zariya, ana ce da shi Dokta East, shi ne shugaban Hukumar Fassara. Ya ga yara suna koyon boko a makarantu, amma babu littattafan hira da Hausa da za su karanta. Sai ya bi manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari su rubuta, za a yi gasa. Abin ya zo wa malamai da yawa baƙo. A ganinsu tawada ta ilmin addini ce da waƙoƙin wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi mata da yara da dare. Yaya malami mai mutunci zai zauna ya rubuta abin da bai faru ba?

To, su wa suka amsa kira? A nan Katsina akwai wani saurayi yana koyarwa a Midil, sunansa Abubakar Imam, mutumin Kagara. An haife shi 1911, watau shekararsa 22 ke nan. Shi ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina daga baya, ya rubuta Ganɗoki. A Bauci kuma wani malamin makaranta, shi ma saurayi ne, ya rubuta Shaihu Umar. Sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, John Tafida tare da Dokta East suka rubuta Jiki Magayi. Littattafai biyar ke nan. Ku lura, biyu cikin biyar daga Katsina aka aika da su.

Wani abu da nake so ku sani game da Ruwan Bagaja shi ne, sunan jarumin labarin Alhaji Imam, kuma a Kwantagora aka buɗe labarin, ƙasar da marubucin ya fito. Saurayi ɗan shekara 22 ya ɗauki sunansa da ƙasarsu ya sa a littafi, bai ji kunya ba. Har yau ana karanta shi a makarantu, har yau yara suna dariyar Malam Zurƙe. Daga nan aka kira Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A Janairun 1939 da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi aka ba edita. Ya rasu 1981.

Na san abin da wani mai wayo zai ce. Zai ce, ai an ce Imam ma aro ya yi. Haka ne, ya yi aro. Ya karanta labarun Larabawa irin na Dare Dubu Da Ɗaya, da na Indiya, da na Turawa, ya ɗebo daga cikinsu. Amma ku manoma ne, kun fi kowa gane wannan. Irin audugar da ta yi wa ƙasar Funtuwa suna, asalinsa daga Amurka aka kawo shi. Aka gyara shi a Samaru, aka yawaita shi a gonar Daudawa, sa'an nan aka raba wa kakanninku. Da suka shuka a ƙasarsu, suka nome, suka tsince, wa ya isa ya ce audugar ba tasu ba ce? Haka Imam ya yi. Ya karɓi iri daga waje, ya shuka a ƙasar Hausa, labarun suka fito da rawani da babbar riga, da fada da waziri da 'yan kasuwa, suna magana kamar mutanen unguwarku. Wanda ya kwafe maganar wani kalma da kalma kuwa, ya je gonar maƙwabci ne ya ɗauko dami ya ce nasa. Ku karanta duk abin da ya zo hannunku, ku koyi dabara. Amma in kun zo rubutawa, ku shuka a gonarku.

Wannan aji da kuke ciki ma yana da tarihi. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da yaƙi da jahilci, aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, a zauruka da gindin itatuwa. Aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta riƙa buga ƙananan littattafai saboda waɗanda suka koyi karatu da girma. Har aka yi wa larduna 'yan jaridunsu. Ta Lardin Katsina sunanta Himma, ta Kano Sodangi, ta Sakkwato Zaruma. An rufe NORLA a 1959. Waɗanda suka shirya abin sun gane cewa wanda ya koyi baƙi, in bai sami abin karantawa ba, bayan damina biyu sai ya manta. Ni kuma na ƙara da cewa wanda yake rubutu da kansa ya fi wuyar mantawa, don hannu ya fi ido riƙo.

Har yanzu wani zai ce, su Imam ai 'yan Kwalejin Katsina ne, mu kuwa da gemu muka fara. To, saurara.

A Kano akwai wata mata, Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba. Daga baya ta koma karatu a ajin manya, irin wannan naku. A 1987 ta fitar da littafinta Budurwar Zuciya. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Ina ta samo wannan labari? Ba ta je ko ina nema ba, ciwon da ta sani ta rubuta. Wani littafin nata, Alhaki Kwikwiyo, an juya shi zuwa Ingilishi, aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Ku duba, mu ne kullum muke kallon finafinan Indiya, yau ga mutanen Indiya sun buga labarin Bahaushiya 'yar ajin manya.

Haka kuma Ado Ahmad Gidan Dabino. Makarantar allo ya yi yana yaro, boko kuwa sai da ya girma ya shiga ajin manya na yamma a Kano. A 1991 ya fitar da In Da So Da Ƙauna, littafin da ya zaga ƙasar Hausa, har waɗanda ba su iya karatu ba suka riƙa sa a karanta musu. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma. Shi da abokansa suna da ƙungiya, suka sa mata suna Raina Kama. Sunan kaɗai ya ishe ku gane yadda aka ɗauke su da farko.

Ba sai mun je Kano ba ma. Nan Funtuwa akwai Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki. Ita ta rubuta Allura Cikin Ruwa a 1994, da Wa Ya San Gobe, da Ki Yarda Da Ni, wanda har aka mai da shi fim. Tana zaune a Funtuwa littattafanta suka kai Kano da Kaduna da Sakkwato, har ƙasar Nijar. Ta sa sunan garinta a bayan sunanta, duk inda littafin ya je Funtuwa ta je. Abin da ta fi rubutu a kai shi ne zaman aure, da karatun 'ya mace, da yadda mace za ta tsaya da ƙafarta ba tare da ta zubar da mutuncinta ba. Iyayena mata, na ga wasunku suna gyaɗa kai. Da alama an taɓa karanta muku.

Ba kowa ya yi murna da waɗannan littattafai ba, kuma bai kamata in ɓoye muku ba. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kansu. Abin sha'awa, biyu daga cikin manyan masu muhawarar 'yan ƙasar nan ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano. A ganinsa yawancinsu an yi su da gaggawa don neman kuɗi, ba a kula da ƙa'idar rubutu ba, labarin kuma kullum soyayya, har da kwaikwayon finafinan Indiya. Ibrahim Sheme kuwa, mutumin ƙasar Faskari, ɗan jarida kuma marubucin 'Yartsana, shi ya buɗe wa muhawarar fili a shafin adabi na jarida, ya kuma sa baki, yana ganin bai kamata a yi watsi da ƙoƙarin matasan ba.

In kun tambaye ni, ko wanne yana da tasa gaskiyar. Lalle akwai littattafai da yawa da aka yi su kamar tuwon gaggawa, gari a ciki, gudaji a waje. Saurayi ya ga an yi kasuwa da labarin ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, shi ma ya rubuta irinsa, ya sa gidan bene da motoci waɗanda bai taɓa shiga ba. Wannan shi ne kasuwa wuri ne da ake saye da sayarwa, an dai ƙara masa tsawo. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma da an hana su rubutu gaba ɗaya, da ba mu sami Balaraba ba, da ba mu sami Anti Bilki ba, da dubban matan aure ba su riƙe karatunsu ba. Gonar da ta yi ciyawa nome ta ake yi, ba a sa mata wuta da hatsin a ciki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna.

Duk kun san Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna Bakori, ya daɗe a Funtuwa, ya rasu 1999. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma ya yi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Shata bai ari muryar kowa ba. Da ka ji kalangu ya tashi, ya buɗe baki, ka san shi ne. Amma ba wanda zai iya gaya muku yawan waƙoƙinsa, don da yawa ya yi su a wurin biki ko a dandali, ba mai ɗauka, ba mai rubutawa, iska ta tafi da su. Sai da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka bi gari gari suna tambayar tsofaffi, sa'an nan suka fitar da tarihinsa a 2006. In wannan ya sami Shata, wanda duniya ta sani, ina ga kakarka da ta san tatsuniya hamsin? Ina ga tsohon da ya san wanda ya sari garin nan, da inda aka fara haƙa rijiya, da yadda ake kai auduga Funtuwa a kan jakuna? Ran da aka binne su, an binne da abin da suka sani.

Ba labarin da kaɗai ba. Ku dubi abin da ƙasar nan ta gani a 'yan shekarun nan. A Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara, aka yi kusan mako guda kafin a sako su. Duniya duka ta ji. A ƙasar Faskari da Sabuwa da Dandume an yi shekarun da mutane suka bar gonakinsu na nesa ba shuka, wasu suka bar ƙauyukansu ɗungum. Rediyo yakan faɗi adadi, mutum kaza aka kashe, shanu kaza aka kora. Amma rediyo bai san yadda uwa take kwana da takalmi a ƙafa ba. Bai san abin da mutum yakan zaɓa ya ɗauka in an ce a gudu yanzu ba. Bai san yadda ake zama baƙo a gidan ɗan'uwa wata shida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nan da shekara 50 jikokinku za su tambaya yaya aka yi. In ba ku rubuta ba, abin da baƙi suka faɗa a kanku shi za su karanta, su ɗauka shi ke nan.

A nan sai na ja muku kunne. Abin da baki ya faɗa yakan wuce, takarda kuwa ba ta mantuwa. Kada ka sa sunan mutum a cikin abin da zai jawo masa ko ya jawo maka fitina. Sāke suna, sāke gari, labarin bai ragu da kome ba. Kada kuma ka mai da alƙalami abin ramuwa, ka zauna ka yi wa kishiyar uwarka ko abokin gabarka ƙazafi. Wanda ya rubuta ƙarya a kan wani, alhakin yana binsa duk inda takardar ta je.

Iyaye, ga rabonku. Wata rana za ka ɗaga tabarmar ɗanka, ko ki buɗe akwatin 'yarki, ku ga littafi cike da rubutu. Don Allah kada ku yaga. Kada kuma ku kai shi tsakar gida ku karanta ana dariya. Yaron da aka yi wa dariya ran farko, da wuya ya sake ɗaukar biro. Ku kira shi gefe ku ce ya karanta muku. In akwai abin da bai dace ba ku gyara masa da hankali. Sau da yawa abin da yaro ya kasa faɗa a gabanku saboda kunya, shi yake sa wa a takarda, kuma gara ku ji da ku rasa ji. Wanda ke ganin rubutu ba na mata ba ne, ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, mata suka riƙa haddacewa suna koya wa 'yan'uwansu a ƙauyuka. Ta rasu 1864, har yau ana karanta ta. A zamanin nan kuma, tun 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, kuma a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata, ta gajerun labarai, don mata zalla.

To, yaya za a fara? Ba wuya. Kada ka ce sai ka sami labarin sarki ko na aljani. Fara da rana guda. Ran da aka yi ruwan shuka. Ran da saniya ta ɓace. Ran da aka kai yayarki ɗakin miji, kika koma kika tarar shimfiɗarta ba kowa. Faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, bi da bi. Kada ka ce Baba ya yi baƙin ciki. Ka ce ya cire hula ya duba cikinta, mai karatu zai gane sauran da kansa.

Ka yi amfani da kalmomin gidanku. In tiya kuke cewa, rubuta tiya. In ka zo zancen gona, ka san bambancin jigawa da fadama, ka san sassabe da huɗa da maimai, ka san ƙuduji in ya kama dawa. Ɗan birni bai san rabinsu ba, wannan dukiyarka ce. Wasu suna jin kunyar Hausar ƙauyensu, suna so su yi irin ta rediyo. Ba laifi ka koyi ta rediyo, amma in tsohuwa tana magana a cikin labarinka, bar ta ta yi magana yadda take yi a gida.

Ƙa'idar rubutu kuwa ita ba a wasa da ita, a nan ina bayan Farfesa Malumfashi. Ku kula da lanƙwasa. Kara dabam, ƙara dabam. In ka rubuta wa wanka cewa kun yi baƙi, ka manta lanƙwasar, sai ya karanta kun yi baki, ya taso hankali a tashe yana tambaya wa aka tsine wa. Ku raba kalmomi, ku sa aya inda numfashi ya tsaya. In ka gama, ajiye takardar ta kwana biyu, sa'an nan ka karanta ta da ƙarfi. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake. Ku haɗu ku uku ko huɗu, bayan sallar isha'i ko ran da ba a zuwa gona, kowa ya karanta nasa, sauran su faɗi inda suka gane da inda ba su gane ba. Mata ma su yi nasu a cikin gida. Ban da ba'a.

Ko da an ba ku takardar shaida yau, ajin bai mutu ba. Na roƙi malaminku, ya yarda zai riƙa zama da ku ran Alhamis da yamma. Aikin farko shi ne, kowa ya rubuta shafi guda a kan abu ɗaya da ya faru a gidansu ko a gonarsu a daminar bana. Wanda ya fi son ya je wurin kakarsa ya rubuto tatsuniya daga bakinta, ya yi, amma ya rubuta yadda ta faɗa. Wanda ba ya so a san nasa ne, kada ya sa suna, Malam zai karanta ba tare da ya nuna kowa ba. In na dawo zagaye na gaba zan karɓa in duba duka.

Wanda ba shi da takarda ya tsaya bayan an tashi, na zo da 'yan littattafan rubutu da fensir a jakata. Yanzu Malam zai kira suna, wanda ya ji nasa ya taso ya karɓa.